Sunan Ɗan Yaya Jafar

Ranar sunan ɗan Yaya Jafar, shi uban yaron ba ya gari. Motar shanun da ya bi zuwa Kudu ta lalace a daji, kuma cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. Tun da aka haihu ya ƙi gaya wa kowa sunan da ya zaɓa, har matarsa Anti Bilkisu. Ɗansa na fari ne, ya ce da bakinsa zai faɗa kafin a yanka rago. Da asuba ya turo saƙo cewa zai kunna wayar sau ɗaya kawai, da zarar rana ta fito, a kira shi lokacin.

Maza sun cika ƙofar gidanmu a Ƙofar Taramniya. Ni na kawo farantin goro da dabino, na tsaya bayan ƙyauren zaure ina jiran wanda zai karɓa. A nan na tarar da yayyena biyu, Hamza da Anas, suna gardamar da suka saba.

"Tawa za a yi da ita," in ji Yaya Hamza. Tasa iPhone ce. "Ba ta maƙalewa, ba ta zafi. Ko gem na buɗe, sumul take tahiya. Wagga taka yarinya ce, ba ta gama girma ba."

"Girman mi?" Yaya Anas ya ce, yana ɗaga Android ɗinsa. "Taka dai abu guda take nuna maka, awa tsohuwa mai tsintar shinkafa. Dubi nan. Na raba fuskarta biyu, sama kira, ƙasa gem, kowane na aikinai."

"To ka rufe gem ɗin mana."

"Muna tsakiyar gasar harbi da 'yan unguwar Arkilla. Na ɓoye mutumina cikin wani ɗaki, babu mai ganinai. Kira ɗaya ne hwa."

Baba ya leƙo. "Ku taho da wadda za a ji. Liman na jira."

Sifikar da aka ajiye a tabarma ta Yaya Anas ce, kuma tuni wayarsa ke haɗe da ita. Ya yi wa Yaya Hamza gwalo ya fita. Na matsa na leƙa ta tsagar ƙyaure. Mahauci ya riga ya kwantar da ragon, ya take ƙafafunsa.

Kiran farko bai shiga ba. Na biyu ma haka. Baba yana ta murza carbi. A na uku fuskar Yaya Jafar ta fito, a bayansa ana ganin ƙahonin shanu.

"Salamu alaikum, Baba. Cajin ya yi ja, bari in yi sauri."

"Muna jin ka. Faɗi sunan."

"Na sa mishi..."

Sai harbi ya tashi daga sifika, tatatata, da ƙarfin da ya sa ƙyauren da nake riƙe da shi ya yi rawa. An gano mutumin Yaya Anas a cikin gem. Amma a garin nan babu mai jin irin wannan ƙara ya tsaya tambaya. Mutane suka watse. Wasu suka kwanta a ƙasa, wani tsoho ya faɗo cikin zaure ya ture ni, goro ya zube. Ragon ya fizge ya miƙe. Daga cikin gida na ji mata suna salati.

Yaya Anas na ta latsa waya. Yaya Hamza ya fizge ta ya rufe gem ɗin.

"Baba! Baba, wa ke harbi?" Muryar Yaya Jafar ce, ta canza gaba ɗaya. "Sun shigo ne? Ina Bilkisu? Ina yaron?"

Baba ya ce, "Babu kowa, wasan waya ne. Faɗi sunan, Jafar."

"Kar a ɓoye mini. A nuna mini su."

Yaya Hamza ya miƙo mini wayar, don ni ce kusa da ƙofar ciki. Na ruga tsakar gida, na kutsa tsakanin mata har ɗakin jego. Anti Bilkisu tana maƙure a lungun gado, ta rufe jaririn da ƙirjinta. Na juya musu wayar.

"Ga su, Yaya," na ce. "Lafiyarsu lau."

Ya dube su. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya shafa fuskarsa. "Alhamdu lillahi. Bilkisu, ki ce wa Baba..."

Hoton ya tsaya cak, sannan ya ɓace. Na sake kira. Aka ce wayar a kashe take.

Da na koma zaure an kamo ragon, mutane suna kakkaɓe riguna, ba mai kallon wani. Yaya Anas yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa. Baba ya dubi fuskata, na girgiza kai.

Liman ya ce rana tana yi, kuma kakan yaro ma yana iya sa suna. Baba ya juyo gare ni.

"Fauziyya," ya ce, "koma ki tambayi uwar yaron wane take so."

Na koma. Anti Bilkisu ta share hawaye, ta ce ita dai Jibrin, sunan mahaifinta. Da shi aka yanka ragon.