Agwagin Gindin Matakala

Gidanmu ya ƙone ranar wata Talata da hantsi, lokacin da kowa yake fadama ana yankan shinkafa. Wayar lantarki ce ta yi tartsatsi a ɗakin girki. Kafin mutane su iso da bokitai, rufin gidan mai ƙahonni biyar irin na gargajiyarmu ya riga ya zube, katakon da kakannin kakanninmu suka sassaƙa ya zama toka. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar Amak, mahaifiyata, ta koma gidan maƙwabta ta zauna a kan tabarma, in an kawo mata abinci ta tsakura ta ture.

Ni a birnin Padang nake aiki, a wani kamfanin sayar da kujeru, labarin gobarar ne ya dawo da ni gida. Aikina tara hotunan kujerun da wasu suke sayarwa, don maigidanmu ya ga abin da ake yayi. Da can da hannu nake yi har idona ya yi ja. Yanzu akwai wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da nake aika, ni dai ɗan aike nake ce mata. Sai in gaya masa abin da nake nema da bakina, shi kuma ya shiga rumbunan hotuna na intanet, ya buɗe shafi bayan shafi, ya kwaso kowane hoto tare da ranar da aka ɗauke shi da shafin da ya fito, ya jera mini a jadawali. Ban taɓa zaton zan aike shi garinmu ba.

Mako biyu bayan gobarar aka yi zaman dangi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mak Syahrial, ƙanen Amak, shi ke jagorantar irin wannan zama, kuma ya zo da shawararsa a aljihu.

"Uni," ya ce wa Amak, kamar yadda ake kiran yaya mace a wajenmu, "mu gina na bulo da kwano. Wata huɗu kin shiga. Katako ya cuce mu sau ɗaya, ya isa."

Amak ba ta ko ɗago kai ba. Sai aka juya ga Angku Bahar, tsohon masassaƙin yankinmu, mutum mai taurin kai da ƙarancin haƙora.

"Ni ba na sassaƙa abin da ban gani ba," in ji shi. "Ku kawo mini hoton kowane bango, zan mayar muku da gidanku. In babu, ku kira mai bulo, ba zan ji haushi ba."

Hotunanmu kuwa duk sun ƙone tare da akwatin da suke ciki. Mak Syahrial ya buɗe hannuwa kamar wanda aka wanke daga zargi. A nan ne Amak ta yi magana, karon farko a zaman.

"Allon hagun matakala nake so. In babu shi, ku gina abin da kuka ga dama, ni dai ba zan shiga ba."

Kowa ya san allon. Miji a wajenmu baƙo ne a gidan matarsa, da jakarsa yake zuwa, kuma Apak, mahaifinmu, bai bar komai nasa a gidan ba sai wannan. Malamin firamare ne, ba masassaƙi ba, amma da tsohon allon ya ruɓe sai ya kwashe damina guda yana sassaƙa sabo da kansa, jerin agwagi suna komawa gida da yamma. Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. Yayana Asrul, ɗa namiji ɗaya da Amak ta haifa, yana ci-rani a lokacin, bai iso ba sai bayan kwana tara. Amak ta tare shi a ƙofa cikin zafin zuciya ta ce kada ya ƙara taka matakalar nan. Uda Asrul, kamar yadda nake kiran yayan nawa, ya ɗauki jakarsa ya juya, ya canza lambar waya, kuma ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce a ba ni zuwa Juma'a. Mak Syahrial ya yi dariya.

"Ke Lin, aljanin naki da ke tara kujeru ne zai tayar da gida daga toka? To, Juma'a bayan an sauko daga masallaci."

Washegari da safe na buɗe kwamfuta a barandar maƙwabta. Gidanmu a bakin hanyar garin Batusangkar yake, duk motar da ta wuce da baƙi sai ta tsaya sun ɗauki hoto. Na gaya wa ɗan aike sunan garinmu da siffar rufin, na ba shi hoto ɗaya da ke wayata don ya gane gidan. Sannan na ƙara da abin da nake faɗa masa kullum a ofis, wato duk hoton da mutum ya tare kaya a ciki ya ajiye shi gefe. Kujera muke sayarwa, ba masu zama a kanta ba, shi ya sa maganar ta zauna mini a baki.

Kafin azahar ya kawo hoto ɗari huɗu da wani abu. Bangon gaba, bangon gefe, tagogi, ƙahonnin rufi daga kowace kusurwa, har wani ɗalibin zanen gini ya ɗauki kowane ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya. Angku Bahar ya sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, yana gyaɗa kai yana cin soyayyar ayaba. Sai dai allon Apak babu shi ko sau ɗaya. Laraba ta wuce ina canza kalmomin nema, Alhamis ta waye, shiru. Raina ya ɓaci sosai, na rubuta wa ɗan aike magana mai zafi kamar yana da kunnen jin zagi.

Ya amsa mini a natse cewa akwai hoto ɗari uku da goma sha biyu da ya ware kamar yadda na umarta, kuma a kusan dukkansu mutane suna tsaye ne a gindin matakala. Ya tambaya ko in buɗe su.

Na dafe kai. Ni da na girma a gidan! Duk ɗan ci-ranin da ya dawo sallah, a gindin matakalar nan yake tsayawa a ɗauke shi kafin ya hau. Kowace amarya, kowane mai dawowa daga hajji, kowane jariri ranar suna. Baƙi rufi suke kallo, mu kuwa a matakala muke tsayawa, kuma ni da bakina na ce a kwashe mu a ajiye gefe.

Da na buɗe su sai ga danginmu kaf, na Jakarta da na Medan da na Malesiya, kowa ya tare wani ɓangare na allon, amma ba wanda ya tare shi duka. Wannan ya rufe agwagwa ta farko ya bar ta uku, waccan ta rufe ta uku ta bar wutsiyar ta biyar. Na ce wa ɗan aike ya yanko abin da ya fito na allon a kowane hoto, ya daidaita girmansu, ya haɗa, kuma kada ya cike gurbin da bai gani ba da tunaninsa. Ban san lokacin da Amak ta taso daga tabarma ta tsaya a bayana ba.

"Wancan ba Syahrial ba ne?" ta ce. "Dubi tumbi. Agwagwa uku ya haɗiye shi kaɗai."

"Uni, rigar ce mai faɗi," in ji Mak Syahrial, wanda ya zo ganin yadda zan kunyata.

"Rigar ce ta yi shekara goma sha biyar tana ƙara faɗi?"

Ta yi dariya har da tari, ta miƙa hannu ta ɗauki ayaba daga farantin Angku Bahar ta cinye. Na kau da kai don kada ta ga idona ya cika.

Da la'asar allon ya fito, agwagi shida reras, har da inda wuƙar Apak ta zame ya gyara. Saura kusurwar ƙasa ta hagu, fari fat babu komai. Randar wanke ƙafa ce take zaune a wurin tun ina yarinya, ba wanda ya taɓa tunanin matsar da ita don hoto.

"Bakwai ne," in ji Amak. "Akwai ta bakwai."

"Yaya take?" Angku Bahar ya tambaya.

Ta murza gefen zaninta. "Na manta," ta ce a hankali, kuma na ga yadda kalmar ta yi mata ciwo. Angku Bahar ya cire tabaransa. Ba sai ya faɗa ba, mun san ba zai ƙirƙiro ta ba.

Ranar Juma'a da safe na yi dabara ta ƙarshe. Na daina neman gidan. Na ba ɗan aike allon da muka haɗa, na ce ya nemo duk inda wannan zane ya bayyana, ko ba a ambaci sunan garinmu ba. Maza sun tafi masallaci, ni da Amak muna zaune, sai layi ɗaya ya ƙaru a jadawalin. Hoto ne daga shafin wani shagon gyaran agogo a tsibirin Batam, an sa shi shekara biyu da suka wuce. Na duba ranar, makon da na kai Amak Padang aka yi mata aikin ido ne, gidan yana kulle.

An matsar da randar gefe. Wani mutum mai furfura a gemu ya tsuguna a ƙasa kusa da matakala, bai tare komai ba, hannunsa na hagu yana kan katakon. Ga ta bakwai nan, ƙarama, karkatacciya, ta waiwayo baya. Amak ta matso da fuskarta har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Ya rame," ta ce. Can kuma ta ce, "Bai hau ba. Lin, kin gani? Ya zo har nan, bai hau ba."

Da maza suka dawo, Mak Syahrial ya kalli hoton ya nemi wuri ya zauna, maganar bulo ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Angku Bahar ya daɗe yana nazarin kusurwar da tabaransa biyu.

"Shidan nan zan iya," ya ce. "Hannun mijinki na san shi. Amma wannan ba shi ya yi ta ba. Dubi yadda wuƙar ta shiga, bahago ne, kuma yaro ne a lokacin. Ni ba na kwaikwayon hannun wanda yake da rai. Ku kira mai ita."

A jadawalin, kusa da sunan shagon, akwai lambar waya. Na danna, na buɗe lasifikar wayar, na miƙa wa Amak. Ta yi ƙara sau huɗu, sannan wata murya da ban ji ba shekara goma sha huɗu ta yi sallama, tana tambayar wane irin agogo ne ya lalace.

"Asrul," in ji Amak. "Ni ce."

Daga can muna jin ƙarar agogai da yawa suna bugawa a bango.

"Matakalar da na hana ka takawa ta ƙone, ba ko tsinke. Za a yi sabuwa, kuma ita ban ce komai a kanta ba. Angku Bahar ya ƙi taɓa agwagwarka. Yaushe jirgin ruwa yake tashi daga wajenku?"

Na ji ya ja numfashi sau biyu kafin muryarsa ta fito.

"Gobe da safe, Amak."

"To ka zo da yunwarka," ta ce, ta miƙo mini wayar, ta tashi ta nufi ɗakin girkin maƙwabta tana tambayar ko akwai kwakwa.