Tabon Bayan Kunnen Kofur Shiru

Shekara talatin da huɗu na yi ina aski a bariki, kuma wallahi aikin bai taɓa gundurata ba. Yanzu ina da ɗan shagona a bakin titi: kujera ɗaya, madubi ɗaya, sai bencin da tsofaffin sojoji ke zama suna cika baki kan yaƙin da rabinsu ba su je ba. Idona ya yi rauni, fuskar mutum takan ɓace mini. Amma kai? Haba! Kan da na aske sau uku, ko a buhu aka kawo mini shi zan faɗi mai shi.

A bencin nan na fara jin labarin kutsen. Wasu marasa tsoron Allah sun shiga kwamfutar ofishin fansho ta intanet, sun kwashe bayanan tsofaffin sojoji: suna, lamba, hoto, har sunan mahaifiyar mutum. Ofis ya turo saƙo cewa kada wanda ya faɗi lambar sirrinsa a waya, ko da mai kiran ya ce shi Janar ne. Na ce to, ni dai ba ni da abin sata sai tsohon almakashi.

Bayan sati biyu wata mata ta yi sallama a ƙofar shago, riƙe da hannun wani dogon tsoho mai jan ƙafa. Furfura ta cika masa kai har ta leƙo ta ƙasan hula, da gani aski ya daɗe bai gan shi ba.

"Baba, ni ce 'yar Kofur Shiru," in ji ta. "Ga shi nan."

Kofur Shiru! Tun yana da baki ma Shiru muke ce masa, ballantana yanzu da ɓarin jikinsa ya shanye, maganar ta tafi gaba ɗaya. Na zaunar da shi, na ba shi ruwa, ita kuma ta zayyana mini abin da ya faru. Wani ya yi amfani da bayanan da aka sace ya zama Kofur a kwamfuta. Ya sauya lambar waya, ya sa hoton wani ƙato mai gashin baki. Da ofis ya ga mutum biyu a lamba ɗaya, sai ya rufe katin asibitin da Kofur ke karɓar magani da shi. Maganin da ya rage wa tsohon na kwana huɗu ne.

"Zanen yatsa fa?" na tambaya.

"Shekara goma sha biyar yana buga bulo bayan ritaya, Baba. Siminti ya cinye yatsun, na'ura ba ta ganin komai. Tambayoyin ofis kuma ba ya iya amsawa. Ɓarawon ne ma ya amsa su duka a waya, ko tuntuɓe bai yi ba. Sun ce a kawo wanda ya san shi a bariki."

Ban bari ta ƙarasa ba na jawo jakar kayan aikina.

A ofishin muka tarar da wata Kyaftin, yarinya ce sa'ar 'yata, fanka na kaɗa mata takardu tana danne su da kofin shayi. Ta karɓe mu da mutunci, amma ta ce gaskiya "na san shi" ba hujja ba ce, domin ɓarawon ma zai iya kawo tsohonsa ya ce ya san shi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, fayil ɗinsa na takarda yana nan, ko shi ma sun sace?"

"Yana sito. Ba duka shafukan aka sa a kwamfuta ba."

"To a ɗauko, amma kada ki buɗe tukuna. Bayan kunnensa na hagu akwai tabo, tsawon ɗan yatsana, ya ɗan lanƙwasa a ƙasa. Ɗinki biyar likita ya yi masa. In babu, ki sa a rufe ni."

'Yar ta zaro ido. Ita da ta tashi a gabansa ba ta taɓa gani ba, domin kullum da hula yake.

Aka kawo fayil ɗin, duk ƙura. Na ɗaura wa Kofur ƙyalle a wuya a tsakiyar ofis, akawu biyu suka bar aikinsu suka zo kallo. Injin askin bai yi tafiya uku ba tabon ya fito, fari tas. Kyaftin ta buɗe shafin likita ta karanta, ta zagayo ta duba, ta ƙirga wurin ɗinkin da bakin biro. Biyar cif.

"Baba mai aski, ka iya aikinka," ta ce tana murmushi. "An rubuta nan wai faɗowa ya yi daga mota a wajen atisaye."

Da na yi shiru da shi ke nan, an gama. Amma bakina ya ƙi.

"Ƙarya ce, ranki ya daɗe. Ni na yanke shi."

Na ba su labarin. Satina na farko ne a bariki, matata ta haihu kwana tara, ga ni da reza a hannu. Aka harba bindigar atisaye a bayan taga, na zabura, reza ta shige. Jini har ƙasa. A lokacin, mai askin da ya ji wa soja ciwo ko kayansa ba zai tsaya tattarawa ba. Kofur kuwa ya danne wurin da hularsa, ya tafi wajen likita ya ce mota ce. Sati biyu bayan nan ya dawo ya zauna a kujerata kamar ba a yi komai ba. Daga ranar har yau bai tayar da zancen ba, ni ma kunya ta hana ni yi masa godiya. Da wannan aikin na ciyar da 'ya'ya shida.

Kyaftin ta riga ta ɗaga hatimi. Ta tsaya, ta dubi tsohon.

"Kofur, haka aka yi?"

Ya ɗago kai a hankali. Leɓensa ya yi ta rawa, ya yi ta kokawa da harshen nan da ya ƙi shi wata takwas. Sai ya harare ni, irin hararar da ake yi wa kurtun da ya yi surutu a fareti.

"Mo...ta," in ji shi.

'Yar ta fashe da kuka tana dariya. Ni ma hawayen ne, ban ɓoye ba. Kyaftin ta buga hatimin da ƙarfi, ta miƙa wa 'yar takardar karɓar magani da kuma ta sauya lambar sirri.

"Mota ce," ta ce. "Baba, ƙarasa masa askin, kada ya fita mini da rabin kai."