Ƙaiƙayin Ƙafar Baba

Karo na shida ke nan Auta yana murza makulli. Injin ya yi ta gir-gir-gir, bas ɗin ta girgiza kamar za ta yi abin kirki, sai ta yi tsit.

"Bari haka, kar ka cinye batir," in ji mai wayarin da aka kira ya duba wutar bas ɗin, daga ƙarƙashin mota. Ƙafafunsa kawai ake gani, da silifas ɗaya shuɗi ɗaya baƙi.

Wata takwas bas ɗin tana tsaye a ƙofar gida, tun yammacin da Baba ya ajiye ta ya shiga ciki yana cewa kansa na sarawa, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Yaya, babban wan Auta, ya gaji da ganinta. Ya ce ta zama ɗakin kaji, har ya yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo bayan azahar ya ja ta. Auta kuwa tun da aka rufe kamfaninsu yake zaman kashe wando, ga wata makaranta ta ce za ta ba shi jigilar ɗalibai in ya zo da mota ranar Litinin. Ya roƙi Yaya ya bar masa ita, har da rantsuwa. Yaya ya ce to, in ta tashi kafin mutumin ya iso, ta zama tasa, in ba ta tashi ba kar ya ji ko tari.

Mai wayarin ya fito yana kaɗe ƙasa. Mutum ne mai son a san ya iya aiki, kuma ya iya ɗin. Ya sa kunne a bakin tanki, ya ce Auta ya buɗe makulli. Famfon mai in yana da rai sai an ji ɗan gurnaninsa, wannan kuwa shiru. Ya zaro fis ɗin wuta ya ɗaga shi sama ya ga ko ya ƙone, lafiya lau. Ya musanya rile ɗin famfo, ɗan abin da ke sakar masa wuta, da na hon, hon ya yi ƙara har kaza ta yi tsalle daga kujerar baya, famfo bai ce uffan ba. Sai ya ɗauko batir ya haɗa wa famfon wuta kai tsaye, nan take ya hau gurnani.

Ashe famfon ƙalau yake, wuta ce ba ta isa gare shi. Tana fita daga rile, ta ɓace a hanya. Hanyar kuwa, Allah ya jiƙan Baba, shekara ashirin yana ƙulla waya da kansa, ja ta koma kore, kore ta koma baƙa, ko'ina salatif. Auta ya ce a ja sabuwar waya kawai a huta. Mai wayarin ya harare shi, ya ce shi ba ya rufe ciwon da bai gani ba, haka mota take kama wuta, kuma yara za a ɗauka.

Yaya ya fito da kujera ya zauna a inuwa yana duba agogo. Auta ya ji kamar ya yi kuka, gaskiya tsoro ya kama shi.

Ana cikin haka Inna ta kawo musu ruwa. Ta tsaya tana kallon Auta yana sake murza makulli, sai ta girgiza kai.

"Kai dai gaggawa. Ba haka ubanka yake yi ba."

Ta ce shi in ya zauna sai ya yi bismillah, ya sunkuya ya sosa ƙafarsa, sannan ya taɓa makulli. Kullum. In ya dawo ma sai ya sosa kafin ya sauka. Ta saya masa man shafawa har ta gaji, ƙaiƙayin nan bai bar shi ba, kuma abin mamaki a mota kawai yake tasar masa.

Yaya ya fashe da dariya, ya ce Auta ya sosa mana, ko a dace. Mai wayarin bai yi dariya ba.

"Inna, wace ƙafa?"

"Ta hagu."

Ya yi wa Auta nuni da haɓa. Auta ya sunkuya kamar mai susa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ta hagu, yana laluben ƙarfe da ƙura. Yatsansa ya taɓo wani ɗan makunni, ɓoye a bayan ƙarfen kujera, kansa ya yi sumul don yawan taɓawa. Maganin ɓarayi ne Baba ya yi wa motarsa, bai gaya wa kowa ba. Auta ya ɗan dakata, don ya san hannun da ya kashe shi na ƙarshe. Sannan ya danna.

Famfo ya yi gurnani. Murzawa biyu, bas ta tashi da tari da baƙin hayaƙi, kaji suka watse. Yaya ya naɗe kujerarsa, ya koma gefe yana kiran mai ƙarafa a waya, yana cewa ya yi haƙuri.

Mai wayarin ya ciro filaya, ya ce bari ya cire makunnin ya haɗa wayar, kar ya ƙara wahalar da wani.

"Bar shi," in ji Inna.

Ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba, ta share kujerar da gefen mayafinta, ta zauna inda ta saba zama.

"Shekara ashirin ina saya wa mutumin nan man shafawa," ta ce, tana dariya tana goge ido. "Kashe ta, Auta. Ka sake tayarwa daga farko, in gani."