Miyar Turai Ta Daina Ƙyalli

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ba gidan da ya ci nama a Gwammaja kamar gidan Malam Ilu ladan. Ƙaninsa ne ya ci kansila, to ka san sauran: yau cinyar sa, gobe rabin rago, duk a hannun Turai matar ladan ake saukewa. Ita kuwa Turai, in dai girki ne, sai dai a sara mata. Miyarta sai mai ya taso ya kai kaurin yatsa, don a wajenta miyar da ba ta ƙyalli rowa ce, kuma wulaƙanta maigida ne.

Ana cikin wannan daula Malam Ilu ya fara ciwo. Tumbi ya fito, gwiwoyi suka kumbura, ga ƙishirwa kamar ya shanye rijiya. A asibiti aka ce suga ne, aka ba shi magani. Matakala goma sha ɗaya ce zuwa soron da yake kiran salla, shekara ashirin da shida yana hawanta, ran nan ya kai ta huɗu ya zauna. Dattawan masallaci suka yi masa kara, amma suka ce in azumi ya kama bai miƙe ba, sai a naɗa wani.

Turai ta tashi haiƙan. Tunda sunan ciwon suga, ta kori suga daga gidan, koko gaya, fura gaya, ko zuma ta hana. Sai kuma tausayi ya kama ta. A raba bawan Allah da zaƙi, a kuma raba shi da maiƙo? Haba! Ta ninka man shanu a kan tuwo, ta narka kitsen rago ta tara kakide cikin tukunya, da shi take soya masa komai. Wata biyu ana haka, mutum sai ƙara nauyi yake yi.

Autarsu Bahijja, wadda ke aikin nas a Zariya, ta zo ganin gida. Ta buɗe tukunyar ta ga abu fari fat ya daskare.

"Umma, da wannan kike yi wa Baba girki?"

"Da me zan yi? Na hana shi suga, sai in bar shi da lami?"

"Umma, ba suga kaɗai ba ne. Akwai wani sinadari a jiki, insulin, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka. In irin wannan kitse mai daskarewa ya yi yawa, ya taru a ciki da hanta, kumburi yake tayarwa a ɓoye. Sai ƙofar ta cije, kamar ƙyaurenmu da damina. Insulin ya yi ta turawa, suga na yawo a jini."

"Wato ni ce nake kashe ubanki? Yaushe aka haife ki?"

Kwana biyu Turai ba ta yi mata magana ba. A na uku, da azahar, ta ji wata baƙuwar murya ta fito daga lasifikar masallaci, ta mai riƙon ƙwarya, ga Malam Ilu zaune a tabarma ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya soke ta har zuci. Ta ɗauki tukunyar kakide ta aika wa dukawa su shafa wa fata.

Daga ranar man gyaɗa sabon matsa take awo, cokali biyu, ba ƙari. Ta koma ga riɗi da kifi da wake da zogale, ta bar daddawa ta yi aikin da mai yake yi da. Bayan la'asar ta tasa Malam a gaba da mita sai ya taka, yau bakin lungu, gobe bakin titi, har ya fara kaiwa gindin Dala. Magani kuwa a hannunta yake sha.

Mata ba su bar ta ba. Maƙwabciyarta Tani ta bi gida gida tana cewa Turai ta koyi maƙo, gidan yayan kansila guda amma miya kamar ruwan wanke kwano. Turai ta ji, ta yi kuka a madafi, don sunanta na shekara talatin ne ake ja a ƙasa. Amma ba ta ƙara ko ɗigo ba.

Sugan bai tafi ba, amma ya sauko, gwiwoyin ma suka saɓe. Ana jibi azumi Tani ta shigo aron rariya, ta leƙa tukunya ta taɓe baki.

"Ikon Allah! Turai, yau ma man bai samu ba?"

Kafin ta rufe baki lasifika ta yi ƙara, aka ɗaga kabbarar la'asar. Murya ce mai kauri, mai ɗan rawa a ƙarshe, wadda duk yaron Gwammaja ya tashi da ita a kunne. Turai ta saki ludayi. Ta bi kiran har ya idar, hawaye na zuba, ta yi addu'a ta shafa. Sannan ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi Tani sama da ƙasa.

"Kin ji shi ko? Sha ɗaya ya hau da ƙafarsa. To, miyata ce wannan."