A Wanke Duka

Mai Hoto ya tsufa yana ɗaukar fuskokin mutane, ya rasu bai bar tasa ba. Wanzami ba ya son jarfa. In aka ɗaga waya za a ɗauke shi, sai ya kare da tafin hannu ko ya juya ƙeya. Hoton katin shaidarsa kuwa tun na samartaka ne, ya koɗe har ba a bambance ido da gira.

Hoto ɗaya ne ya tsira daga wannan hali nasa. Ranar da ya sayo wata ƙaramar kyamara, ya sa mata sabon katin memori, ya miƙa wa matarsa a falo ya ce ta danna, yana so ya ga irin launin da take fitarwa. Ta danna yana tsakar magana. Ya fito baki a buɗe, yatsa ɗaya a sama. Ya ce zai goge, bai goge ba. Hoton ya zauna a farkon katin, ayyukan mutane suka yi ta jeruwa a bayansa.

Da aka rufe shagonsa aka sayar da kayan aiki, matar, wadda 'ya'yanta ke kira Umma, ta riƙe ƙaramar kyamarar. Madanni uku ta sani a jikinta: na kunnawa, na duba hotuna, da kibiyar dama. Kyamarar takan fara nuna hoton ƙarshe, in aka danna dama sau ɗaya sai ta zagayo kan na farko. Haka Umma ke yi kullum da safe, sannan ta mayar da ita cikin kwali.

Sai wani baƙin tabo ya fito a kusurwar allon, kamar tawada ta zuba. A hankali ya ci kafaɗar mijin, ya doshi kunne. Auta, 'yar da ta rage mata a gida, tana wurin aiki, Umma ta ɗauki kwalin ta fita ita kaɗai.

Shagon mai gyaran waya yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin tela da mai sayar da takalma. Tebur ɗaya ne da fitila mai lanƙwasa, sai tsofaffin batura a cikin gwangwani. Mai gyaran ya kunna kyamarar ya karkata ta wajen haske.

"Mama, allon nan ya fara mutuwa."

"Ba allon ya kawo ni ba, ɗan nan. Katin da ke ciki nake so a wanke min."

A gidan Mai Hoto, wanke hoto shi ne a fitar da shi a takarda. Kalmar ta samo asali tun zamanin fim da ruwan magani, ta kuma zauna a bakin mutane bayan ruwan ya tafi. A teburin mai gyara kuwa, wanke kati shi ne a share duk abin da ke kansa. Kullum sai an kawo masa irin wannan aikin.

"Duka, Mama?"

Umma ba ta san yadda za ta ce hoto ɗaya take so ba tare da ta faɗi na wane ne ba. Sauran ma ai aikin hannun mijinta ne.

"Duka. Kada ka bar ko ɗaya."

Ya shiga menu, ya wuce alamar kyamara da ta fure, ya tsaya kan alamar sifana. Ya gangara layi na ƙasa ya danna. Allon ya fito da gargaɗi da Turanci, da akwati biyu a ƙasansa. Ya juyo mata da shi.

"Kin ga, tana tambaya ko kin tabbata."

"Yau kuma har kyamara ke tambayata? Ai na faɗa maka."

Ya danna. Wani koren layi ya taso daga hagu ya cika. Don ya tabbatar katin na aiki, ya ɗaga kyamarar ya ɗauke ta a inda take zaune.

"Shi ke nan, ya wanku tas."

"Da wuri haka? Lallai zamani. To ina hotunan?"

Mai gyaran ya dube ta. Sai a lokacin ya gane irin wankin da take nufi.

Da Auta ta dawo, ta tarar da uwar zaune a bakin gado da kwalin a cinya. Umma ta ba ta labarin ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba. Auta ta zazzage kwalin: igiyar haɗi, littafin bayani da ba a taɓa buɗewa ba, da faifan manhajar da kamfani ke haɗowa da kyamara, yana nan cikin ledarsa. Ta aro tsohuwar kwamfutar maƙwabta mai wurin sa faifai. Manhajar ta buɗe da hoton teku da kalaman maraba, ta yi tayin jera hotuna bisa kwanan wata, da gyara jan ido, da yi musu ado a gefe. Da aka haɗa kyamarar, ta leƙa katin ta ce hoto ɗaya ta samu. Umma ce a kan benci, jaka a ƙirji, tana kallon gefe.

Washegari suka koma shagon tare. Mai gyaran ya miƙe tun kafin su ƙaraso, ya ba Umma kujerarsa.

"Malam, ka san aikin mahaifina kuwa?" in ji Auta.

"Jiya tela ya faɗa min, Anti. Da na sani da na tsaya na ƙara tambaya."

"Kyamarar ma ta tambaya," in ji Umma. "Ni na amsa. Ku bar wannan. Akwai abin yi ko babu?"

Ya ce akwai, amma ba zai yi alkawari ba. Wanke kati, in ji shi, kamar a cire lambobin ƙofofi ne a babban gidan haya. Mutanen suna nan cikin ɗakunansu, sai dai mai gidan ya ɗauka babu kowa, duk baƙon da ya zo zai ba shi ɗaki. Yana da wata manhaja da ke bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa.

"Kun sake ɗaukar wani hoto da ita?"

"A'a," in ji Auta.

"To madalla."

Ya zare katin ya sa a kwamfutarsa. Aikin ya ɗauki lokaci. Wata mata ta kawo wayar da ta faɗa ruwa, ya ce ta dawo da yamma. Can sai hotuna suka fara fitowa a allon, ƙanana, layi bayan layi: ɗalibai da hulunan kammala karatu, jariri a kan tawul, ma'aikatan wani ofis sun jeru a matakala, fuskokin fasfo birjik a gaban farin kyalle. Umma ta matso da kujera. Ta gane wasu, ta faɗi wanda ya rasu da wanda ya bar unguwa.

"Abbanku bai iya cewa mutum ya yi murmushi ba," ta ce. "Sai ya ce, ka tuna abin da ka ci jiya."

Auta ta yi 'yar dariya, idonta na kan allon.

Da aikin ya ƙare, mai gyaran ya koma can sama, farkon jerin. Hoton farko na Umma ne a kan benci. Na biyu wani mutum ne da ɗansa a gaban sabuwar mota. Ya sake bin jerin har ƙasa, ya dawo.

"Anti, wanda kuke nema, a ina yake a katin?"

"Shi ne na farko."

Ya cire hannunsa daga kan kwamfutar.

"Baƙon da ya fara zuwa, ɗakin farko ake ba shi," ya ce a hankali. "Hoton da na ɗauki Mama jiya, a nan ya sauka."

"A cire shi mana, na ƙasan ya fito."

"Ba rufe shi ya yi ba, Anti. Wurinsa ya ci."

Auta ta juya ta kalli titi. Umma ba ta ɗauke ido daga allon ba. Ta ce a buɗe mata hoton ya cika fuskar kwamfutar, aka buɗe. Ga bencin, ga gwangwanin batura a gefe, ga ita tana jiran a miƙo mata hotuna.

"Wato inda yake zaune, nan aka zaunar da ni."

"Haka ne, Mama."

"Umma, bari a goge wannan," in ji Auta. "Ba na son ganinsa."

"In an goge, zai dawo?"

Mai gyaran ya girgiza kai.

"To a bar shi. Wani baƙon ne zai shiga."

Ta ce a kwafe sauran hotunan a ba Auta, wataƙila masu su za su nema wata rana. Mai gyaran ya mayar da katin cikin kyamarar ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa ta a kwali, ta naɗe igiyar ta ɗora a kai, ta yi wa tela sannu da aiki, suka hau titi. Auta ta miƙa hannu za ta karɓi kwalin, Umma ta ce ba nauyi.