Igiyar da Aka Ɗauko Don Tahiru

Ranar zuba dal, wato rufin siminti na saman gini, ba ranar wasa ba ce a shantiye, wurin aikin gini. Duk wanda ya taɓa aikin gini a Tamanrasset ya san haka: da zarar injin kwaɓa siminti ya tashi, ba mai zama sai an rufe saman ginin kaf, don siminti ba ya jiran kowa. Mai gini kuma dole ya yanka akuya, a dafa kuskus, ma'aikata su ci su ƙoshi. To, a irin wannan rana ce Tahiru ya koma aiki, bayan ya daɗe hannunsa bai taɓa bulo ba.

Murna? Kai, bar ta kawai! Tun da suka fito daga ɗaki yake gaba, wansa Abdulbaƙi yana biye yana cewa ya rage sauri. Ina! Ya gaida mai burodi, ya gaida Buzun da ke ɗaure raƙumi, ya gaida wasu Larabawa da bai taɓa gani ba, bakinsa har kunne.

"Yaya, yau sama za a sa ni ko?"

"Mu dai isa tukuna," in ji Abdulbaƙi.

Su biyun 'yan Tasawa ne. Abdulbaƙi kafinta ne, shi ke haɗa katakon da ake zuba siminti a ciki, Tahiru kuwa magini, kuma kafin ciwon ya same shi ba wanda ya kai shi tafiya a kan bango. Bara ne abin ya zo. Barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyi, har wata rana ya hau saman wani gini yana ihu wai kowa ya sauko, ginin zai faɗi, alhali gini lafiya lau. Aka taru aka danne shi, aka ɗaure shi da igiya, har yau tabon yana nan a wuyan hannuwansa. Wasu suka ce aljanun duwatsu ne, wasu suka ce sammu aka yi masa daga gida, wasu suka rantse ƙwaya yake sha, mutumin da ko taba bai taɓa sa wa a baki ba! Daga ƙarshe Abdulbaƙi ya kai shi asibiti. Wata likita ta ce ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, ya riƙa sha safe da rana. Ya sha, ya warware, ya yi ƙiba ma. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: a sake ba shi aikinsa a sama, a daina kallonsa ta gefen ido.

Ginin masauki ne mai hawa biyu, na baƙin da ke zuwa hawan dutsen Assekrem. Suna isa suka tarar wuri ya kacame. Inji na ruri, samari sun jeru a kan tsani suna miƙa bokitai, wani ɗan Damagaram yana ba da waƙa ana amsawa, can gefe Inna Laure mai abinci ta dasa tukwane, ƙamshin nama ya cika ko'ina. Tahiru bai tsaya wata-wata ba. Ya naɗe hannun riga ya nufi tsani.

"A'a, a'a, Tahiru, sannu da zuwa! Ya ƙarfin jiki?" Sha'ibu ne, shugaban leburori, mutum mai baki kamar rediyo. Yana gaisuwar yana tura guduma bayansa da ƙafa, wai shi a dole ba a gani ba. "Sama ta cika. Ga tiyo nan, zagaya baya ka yi ta ba bulo ruwa. Aiki ne mai sanyi, ya dace da kai."

Ba bulo ruwa! Magini sukutum! Tahiru ya dubi wansa, Abdulbaƙi ya kawar da kai yana gyara ƙusoshi a aljihu. Abin ya soke shi, amma ya haɗiye. Ya ce a ransa ba komai, yau baya, gobe sama. Da ya tsaya shan ruwa a randa, sai ya ga wanda ke bayansa ya ɗauraye moɗar har sau nawa kafin ya kai baki, kamar ciwon a ruwa ake ɗaukarsa. Wannan ma ya haɗiye, ya ja tiyonsa ya zagaya.

Bayan ginin ba kowa, sai tarin bulo da wani kwari mai zurfi da ruwan sama ya ci, dab da bango. Tahiru yana fesa ruwa yana bin waƙar da ake yi a sama, ƙafarsa na taka kiɗa. Can sai ya ji wani abu ya ɗiga masa a wuya. Ya shafa, ruwan siminti. Ya ɗaga kai. Katakon bakin baranda ya buɗe baki, itacen tokarar da ke ƙarƙashinsa ya goce ya karkata, kuma ga masu baro can sun doso wurin da kaya niƙi-niƙi.

Ya jefar da tiyo ya zuba a guje.

"Ku sauko! Ku bar baya! Zai faɗi! Wallahi zai faɗi!"

Wayyo, da ya san abin da kalmomin nan za su jawo! Su ne fa na bara, ba ragi ba ƙari. Waƙa ta tsaya cak. Wani ya ce, "Innalillahi, abin ya motsa!" Kafin ya kai tsani mutum uku sun rungume shi, ɗaya ta baya, biyu ta hannuwa. Yana fizga suna ƙara matsewa, yana ƙara ihu suna ƙara tabbata. Inna Laure ta saki ludayi ta ɗora hannu a ka. Wani yana tofa masa addu'a a fuska. Sha'ibu kuwa tuni ya kwance igiyar da ake jan bokiti da ita, ya taho yana warwarewa.

"Ai na faɗa! Na ce kada a kawo shi, ba a ji ba. Irin wannan ciwo ba ya warkewa, kwanciya yake yi. Ku kama ƙafafun!"

Abdulbaƙi ya sauko daga tsani, fuskarsa ta yi fari fat kamar an watsa masa toka. Ganin fuskar nan ya fi igiyar yi wa Tahiru ciwo. Nan take ya gane cewa duk ihun da zai ƙara, kansa yake ɗaurewa. Ya daina fizga. Ya ja numfashi, ya sassauta murya kamar mai gaisuwa a masallaci.

"Yaya, dube ni. Na yi barci jiya, kai shaida ne. Na sha maganina da safe a gabanka. Zagaya baya ka ɗaga kai ka dubi barandarka. In ƙarya nake yi, ka dawo ka ɗaure ni da hannunka, ba zan motsa ba."

"Kada ka biye masa," in ji Sha'ibu. "Haka suke, wani lokaci sun fi mai hankali iya magana."

Abdulbaƙi ya dubi ƙanensa, ya dubi igiya. Sai ya juya ya zagaya baya da sassarfa. Ba a yi ƙiftawar ido ba ya dawo a guje, hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba.

"Ku tsayar da baro! Kowa ya bar baranda! Gaskiyarsa ne, katako ya buɗe!"

Sai wuri ya hargitse. Waɗanda suka riƙe Tahiru suka sake shi kamar sun taɓa wuta. Masu baro suka ja da baya, wasu suka ruga da sababbin itatuwa don su tokare ta ƙasa. Amma katakon baki fa? Ba wurin kafa tsani, kwari ne a ƙasa. Dole wani ya sauka ta sama, yana lilo a jikin bango, ya matse shi ya buga ƙusa kafin simintin da aka riga aka zuba ya ɓalle. Aikin kafinta ne, kowa ya sani. Abdulbaƙi ya fizge igiyar daga hannun Sha'ibu, ya haye sama, jama'a na biye. Ya ɗaura ta a ƙugu, ya zagaya da ita jikin ginshiƙi, ya tsaya da ɗaya bakin a hannu.

A aikin gini, mai sauka shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya, ba a yi masa katsalandan, don ransa ne. Hannuwa suka miƙo ta ko'ina, ga Sha'ibu a gaba yana tofa yawu a tafi.

"Tahiru!" in ji Abdulbaƙi. "Zo nan."

"Haba Abdulbaƙi! Kana da iyali fa!" Sha'ibu ya ce. "Shi za ka ba?"

"Shi ya gani, ku kuna waƙa. Riƙe, ƙanena."

Tahiru ya karɓa. Igiyar nan da aka kwanto don hannuwansa, ga ta a hannuwansa. Ya naɗa ta, ya kafa ƙafa a gindin ginshiƙi, ya ce, "Sauka, Yaya, ina nan."

Abdulbaƙi ya ɓace a bayan bakin dal. Aka yi tsit, sai ƙarar guduma, kau, kau, kau. Tahiru yana sakin igiya kaɗan-kaɗan, gumi na zuba masa a ido. Kwatsam ƙafar Abdulbaƙi ta zame a kan ɗanyen siminti, igiya ta fizga da ƙarfi ta zarce ta cikin tafin Tahiru kamar an ja masa wuta. Jama'a suka ɗauki salati. Bai saki ba. Ya kwanta baya, ya dafe da dukan jikinsa, haƙora a cije.

"Yaya!"

"Ina nan! Riƙe haka, saura ƙusa kaɗan!"

Guduma ta ci gaba. Can sai ga hannun Abdulbaƙi ya kama baki, aka jawo shi, fuska duk siminti, yana dariya yana haki. Ihu ya tashi, ɗan Damagaram ya ɓarke da waƙa yana sa sunan Tahiru a ciki, Inna Laure ta rangaɗa guɗa daga ƙasa, inji ya sake ruri. Abdulbaƙi ya kama hannuwan ƙanensa ya juya su. Tafin ya saɓule, jini na tsattsafowa, dab da tsohon tabon bara. Ya daɗe yana kallo, sai ya yage gefen rigarsa ya ɗaure masa.

Da rana ta take aka rufe dal, aka zauna cin kuskus a inuwar bango. Sha'ibu sai zuba yake yi, wai shi dama tun safe ya ji a jikinsa barandar nan ba ta yi masa ba. Ba wanda ya kula shi. Da can Tahiru ya yi niyyar in lokacin magani ya yi, ya sulale bayan bulo ya haɗiye a ɓoye. Yanzu kuwa ya sa hannunsa mai ɗauri a aljihu, ya fito da ƙwayar a tsakiyar taro, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Jama'a, lokacin maganina ya yi. Wa zai ba ni ruwa?"

Sha'ibu ya dubi moɗar da ke hannunsa, wadda ya sha rabi. Ya miƙa masa. Tahiru ya kora maganinsa, ya mayar masa da ita, Sha'ibu ya kafa kai ya shanye sauran.