Ludayin Inna

Tsakanin gadon Hajiya Sauda da ƙofar gidansu a unguwar Sa'alaba ta Jidda ba wata tafiya ba ce, amma tun da aka yi mata aikin ƙugu ta ƙi kaiwa ƙofar nan. Kullum da hantsi sai ta dogara sandar ƙarfe, ta ja ƙafa ta ratsa falo, tana isa gefen firji sai ta tsaya cak. An yi lallashi, an yi faɗa, a banza.

Lubabatu, 'yar Najeriyar da ke zuwa yi mata gashin ƙashi, ta ja Wafa', jikar Hajiya, gefe. "Ƙashi ya haɗu sarai. Amma in ta ci gaba da tsayawa a nan, ƙafar za ta mutu. Daga nan sai keke."

Keke fa, ga matar da ta tako daga ƙasar Hausa har bakin Bahar Maliya tun tana 'yar mitsitsiya. Abin ya ci wa Wafa' rai ƙwarai.

"Yalla, Sitti, taku ɗaya bas," ta ce wa kakarta washegari, da karyayyar Hausarta ta haihuwar Jidda.

Tsohuwar ba firjin take kallo ba. "Nan ne tudun," ta ce a hankali.

Sanyin na'ura na busa mata wuya, ta lumshe ido ta fara magana. Wasu tuddai ne can yammacin Sudan, in ji ta, fili fetal, ba itace ko na rantsuwa, sai gajeriyar ciyawa mai raɓa da duwatsu kwance kamar tumaki. Gajimare kan sauko ya yi yawo a ƙasa, har mutum ya rasa ganin tafin hannunsa. Haka ayarinsu na mahajjata ya yi ta ratsawa kwana da kwanaki.

"Yara a gaba, uwaye a baya. Kuma ba a waiwaye, don wanda ya ga nisan da ya baro gwiwarsa sagewa take. Sai Inna ta rataya ludayi a jikin ƙwaryarta, duk taku yana bugawa, ƙwas, ƙwas. Ta ce, muddin kina ji ina nan, ki yi ta tafiya."

"Ba'den? Sai me?" Wafa' ta tambaya.

"A tudun nan na daina ji. Ban waiwaya ba, an hana. Sai da muka sauka zango Baba ya iso shi kaɗai, da ƙwaryar a hannu." Ta buɗe ido. "Na wuce sau ɗaya ba ita, 'yar nan. Ba zan ƙara ba."

Ranar Wafa' ba ta je aiki ba. Ta karaɗe unguwar Kurayyat lungu-lungu, har ta samo ƙwarya da ludayi wurin wata mai dama fura, wadda ta rantse ba na sayarwa ba ne, sannan da ta ji labari ta ba ta kyauta.

Washegari da hantsi ya yi, Hajiya Sauda ta ja ƙafa zuwa gefen firji ta tsaya kamar kullum. Wafa' ta koma bayanta. Ƙwas, ƙwas.

Kafaɗun tsohuwar suka motsa. Ta daɗe tsaye, sannan sandar ta ɗaga, ƙafa ta bi ta. Ta wuce firji, ta wuce takalman da ke zube a soro, ta kai hannu ta tura ƙofa. Haske ya shigo da ɗumin teku, can wajen tashar jiragen ruwa wani jirgi yana kuka.

"Mun iso?" ta tambaya.

Wafa' ta buɗe baki, sai ta ji tsoron kada muryarta ta tona ta. Ta ƙara buga ludayin da sauri, hawaye na zubo mata.

Tsohuwar ta yi murmushi, ba ta waiwaya ba. Ta gyara riƙon sanda, ta sa ƙafa waje.

"Sassauta, Wafa'," ta ce. "Inna ba ta sauri haka."